Ranar da Na Miƙe Benen Inna Hajo

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a cikin labarin nan akwai wawa guda, kuma shi ne ke riƙe da alƙalami. Sunana Arzika, kafinta, mai gyaran azara da benen ƙasa, mutumin Karofane. Lakwal, wato boko, na yi ta har zuwa ajin da mushe, malaminmu, ya kira babana ya ce in ana son benci ya huta a ɗauke ni. Saboda haka duk wanda ya ga rubutun nan ya gangara gefe guda ya yi haƙuri, takardar ce ba ta kwanta daidai ba.

Da ku nake, samarin yanzu. Kun kalli wani bature cikin salula ya ɗaga katako, ya buga ƙusa, kafin shayinku ya tafasa ya gama yana dariya, sai ku ce ai gyaran bene wasan yara ne. To ku matso. Benen ƙasa azara ce jere daga bango zuwa bango, bisanta ƙirare da zana, bisa wannan kuma ƙasa da daɓe, bisa daɓen mutane da tarkacensu. Duk nauyin nan azara ke ɗauke da shi, ba ta da ranar hutu, ba ta zuwa cin rani. Kuma ba daga tsakiya take mutuwa ba, daga kai take mutuwa, can inda anka binne ta cikin bango, inda danshi ke kwana, gara ta yi hanyarta ba wanda ya gani. Sai ka ga azara daga waje kamar amarya, ka soka mata tsinken ƙarfe ya shige kamar cikin tuwo.

Aikina na fari a Madawa ne, hannun maigidana Baba Nomau, Allah ya jiƙansa. Ya shiga da ni wani tsohon soro, ya miƙo mini gizago, na gyara tsayuwa zan yi sara, ya riƙe hannuna ya juya bakin gizagon baya. Ya ce da ƙeya zan fara, baki sai na yi hankali. Haka na yi ta bin azara ina ƙwanƙwasa ta da ƙeyar gizago ina kasa kunne. Lafiyayya tana amsawa da ƙarfi, tas, kamar macen da ke da gaskiya. Wadda gara ta cinye kuwa tana amsawa can ciki, da ƙyar, kamar ɗayanku in an tashe shi sallar asuba. Ta farko da na gano da kaina, murna ta sa na ƙara mata bugu, ta saki ƙasa da jemage cikin rigata. Baba Nomau bai ko taimake ni ba. Ya ce: "Ka gano ta. Saura ka koyi tsayawa gehe."

Wurinsa na koyi goyo. Azarar da ta gaji amma ba ta mutu ba, ba a cire ta, don in ka zare ta ƙasar da ke bisa za ta biyo ka. Sai ka tokare ta da gwafa, gindin gwafar bisa faffaɗan dutse. Ka huda bango dab da ita, ka zuro sabuwa, ka shafe kawunanta da baƙin man mota don gara ta ji ɗaci, ka aza kowane kai bisa dutse kada ya taɓa danshi. Sannan ka haɗe tsohuwa da sabuwa da dogayen ƙusoshi da waya mai kauri, ka cusa 'yan guntayen itace inda suka bar rata. Sabuwa ta goyi tsohuwa ke nan. Baba Nomau kan ce tsohon gida ba a yi masa gardama, tambayarsa ake. Na ji maganar, amma lokacin ina tauna rogo, ba ta sami wurin zama ba.

Masu ba da aiki kuwa, Allah ya shirye su. Tun da na fara cin gashin kaina suke ƙorafi iri ɗaya. Wani mai shago a Buza ya ce tun da na gyara masa rufi ruwan sama ya daina bin indararo, sai ya zagaya ya sauka cikin tukunyar maƙwabciyarsa. Wani a Ɗeule ya ce ƙofar da na kafa masa tana buɗe kanta ga duk mai wucewa, har jakai sun gane. Na yi ta yi musu bayani: ƙasar Adar tudu ce da dutse, ko masallaci ka gina sai ya ɗan jingina. Ga kuma itacen da ake sayar mana. Taubashina Illa, mai sayar da itace a kasuwar Madawa, ban taɓa zuwa rumfarsa ban zage shi ba. Nakan ce masa itacensa ya fi ƙafar baya ta kare lanƙwasa, shi ke ɓata mini suna.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya yi yawa, na ce to bana kafinta zai ci nama. Ashe soraye ba lalacewa sunka yi ba, faɗuwa sunka yi gaba ɗaya, kuma ba a yi wa tarin ƙasa goyo. Da rani ya zo kowa ya tashi da bulo da tol, kwanon rufi, da ƙarfe, ba wanda ya tuna da ni. Na koma fiƙe turakun awaki da haɗa teburan masu shayi. Teburin farko da na kai, mai shayin ya aza kofi, kofin ya kama hanya shi kaɗai ya tafi wurin wanda bai saya ba. Ranar ce na yi fushi. Na ja akuyata zuwa wurin wani makanike da kamiyonsa, babbar motar kaya, ya mutu, na ba shi ita, ya ba ni kirik, abin nan da ake ɗaga mota, da kuma nibo. Nibo sanda ce mai 'yar kwalba da kumfa a ciki. In abu ya kwanta daidai kumfar ta tsaya tsakiya, in bai kwanta ba ta gudu gefe, kuma ba ta jin kunyar kowa. Na aza ta bisa gadona, ta gudu. Bisa bencina, ta gudu. Matata Zali ta ce in gwada azawa bisa kaina. Na yi alkawari a raina, aiki na gaba da zan samu sai kumfar nan ta zauna tsakiya kamar alƙali.

Aiki na gaba shi ne benen Inna Hajo.

Gidan yana wani ƙauye tsakanin Ɗeule da Buza. Mijinta, wani bafatake, shi ya gina soron da bene tun ana zuwa Sakkwato da jakai. Ƙasa ɗakin ajiya ne, gero da albasa. Bisa kuwa Inna Hajo ce, tsohuwa tukuf, ido ya yi nisa, sai dai haske da duhu, amma kunne da baki ba abin da ya taɓa su. Ba ta saukowa sai dole. Ta ce can bisa akwai iska, ba sauro, ba awaki, kuma tana jin duk gulmar unguwa ba tare da ta taka ko'ina ba.

Ɗanta Alhaji Asumane ya dawo daga Abijan, ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗaga kai ya ga azara ta yi ciki kamar saniya mai shirin haihuwa. Ya ce rushewa za a yi, a gina wa tsohuwa ɗakin siminti a ƙasa. Ta ce sai dai a rushe da ita a ciki. Anka yi ta ja, har sunka tsaya kan magana ɗaya: a kira mai gyara, in bene ya tsaya da ƙarfi kafin ruwan fari, ya zauna. In bai tsaya ba, ko ita ta ƙi shi, a rushe. Kuma ita da kanta ta ce Arzika na Karofane za a kira. Da saƙon ya iso na sa Zali ta maimaita mini shi, don a ji a maƙwabta.

Na hau bisa in gaishe ta. Ɗakin fes, daɓe sumul kamar an shafa mai, amma tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi. Can cikin lotsawar take zaune bisa buzu, tana kaɗi. Na durƙusa bakin ƙofa, goron da ke aljihuna ya faɗi, ya gangara, ya bi daɓe tiryan-tiryan har ya taɓa ƙafarta. Ko juyowa ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta ɗauke, ta ɓare, ta ce: "Allah shi yi albarka, ɗan nan, ka san girma." Ni kuwa na ce a raina, dubi yadda ɗaki ya lalace.

Ta ce: "Arzika, ka ga babbar azara ta tsakiya, mai ƙaho ɗaure? Mijina ya aza ta da hannunai, tun muna gidan tsahi. Yanzu duk salla mukai, amma ba a taɓa ta. Ka ƙarhwahwa mini ɗaki, shi ke nan."

Na ce: "Inna, kwantar da hankalinki. Goyo za ni yi mata. Ɗakinki sai kin kasa gane shi."

Wannan kam na cika alkawari.

Anka sauko da ita ɗakin surukarta Rabi, matar Alhaji. Na ƙwanƙwasa azara ɗai-ɗai, na ware masu amsawa daga masu barci. Kawunan wasu sun zama gari, mai ƙahon kuwa da sauran ranta, lanƙwasa ce kawai ta shekaru. Alhaji ya aiko da madriye, katakan nan masu kauri, miƙaƙƙu kamar sojoji. Na kafa kirik bisa dutse, na aza gungume, na fara murzawa a hankali. Bene ya fara kuka. Ƙasa tana zubo mini cikin kunne, ɓeraye suna fita da iyalansu, Rabi tana bakin ƙofa tana salati. In murza kaɗan, in tokare da gwafa, in hau bisa in aza nibo, in sauko. Haka na yi ta yi har tsohuwar azara ta miƙe dole, kamar tsohon da anka ce ya tsaya a ɗauki hoto. Maƙwabta sunka kama mini munka zura madriye, na ɗaure, na cusa guntaye. Daɓe ya tsattsage, mata sunka taru sunka sake shi da makuba. Da ya bushe na aza nibo tsakiyar ɗaki, kumfa ta tsaya cak. Na aza a kusurwa, cak. Na kira Alhaji, na kira liman, na kira wani mai tallan gishiri da ke wucewa, kowa ya ga kumfa.

Anka hau da Inna Hajo. Ta taka daga ƙofa, ƙafarta tana neman gangaren da ta sani, ba ta same shi ba, ta yi tangaɗi sai da Rabi ta tare ta. Ta ce: "Wane gida kunka kawo ni?" Na ce mata gyara ne, za ta saba. Na tattara kayana na koma Karofane ina tafiya kamar mai unguwa.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga Rabi da kanta a ƙofar gidana, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Malam Arzika, mi ka yi wa tsohuwa?"

"Na miƙe mata ɗaki."

"To ka miƙe mu duka. Da can duk abin da ya kuɓuce mata, mazari, goro, carbi, murhin kwalba, shi kan gangaro shi iske ta inda take. Ni ma in na kawo mata lemu ko albasa, daga bakin ƙohwa nikan sako, shi tahi da kainai. Yanzu abu in ya hwaɗi, nan shika zama, ko shi tahi inda ya ga dama. Wuni take tana lalube. Ni ko na hau matakalar nan har gwiwata ta fara magana. Jiya ta sauko ta ce ma Alhaji shi rushe, wanga ba ɗakinta ba na. Ya aika a kira magini, bulo na hanya."

Na zauna bisa bencina, ya karkata da ni. Sai lokacin maganar Baba Nomau ta sami wurin zama. Na tambayi azara, na tambayi nibo, na tambayi mai gishiri, ban tambayi tsohuwar da ke zaune cikin ramin ba me take yi a ciki.

Na je na sami Alhaji yana auna fili da magini. Na roƙe shi ya ba ni zuwa kasuwar Madawa ta gaba da 'yan kwanaki bayanta.

Ya ce: "Mi za ka gyara? Ai ka ce ya yi daidai. Har kumfa ka nuna mini."

Na ce: "Daidai ɗin za ni cire, Alhaji."

Ya dube ni ya dubi magini. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya riga ni, shi ba ruwansa.

Ku samari, ku ji inda sana'a take. Lotsa bene ba wuya, ko gara ta iya. Lotsa shi ya kuma tsaya da ƙarfi, nan ne aiki. Madriye miƙaƙƙe ba ya goyon mai doro. Na sake kafa kirik, na tokare, na kwance waya, munka zare katakan Alhaji ɗai-ɗai yana tsaye yana kallo, kallon da ya fi zagi ciwo. Na sassauta kirik sannu-sannu, tsohuwar azara ta koma lanƙwasarta da wani nishi kamar ta cire takalmi mai matsi. Na bar ta bisa gwafanni. Na sami doguwar waya na bi cikinta da ita daga bango zuwa bango, na tanƙwara har wayar ta ɗauki siffar doron. Wayar nan na ɗauka a kaina na shiga kasuwar Madawa, mutane suna ba ni hanya suna tambayar juna ko lafiya.

Illa yana zaune bakin rumfarsa yana sakace.

"A'a, sarkin miƙewa. An ce yanzu da kwalba kake aiki. Miƙaƙƙu nawa za a ba ka?"

Na rage murya. "Karkatattu nika so."

"Kunnena na hagu ya toshe, taubashi. Zagayo dama."

"Karkatattu. Masu doro. Irin wanga." Na nuna waya.

Ya tashi tsaye, ya tafa hannu, ya kira mai igiya da mai gawayi da wanzamin da ke aski a gefe, har da wanda ake wa askin, rabin kai a jiƙe. Ya ce in maimaita gaban shaidu. Na maimaita. Ya ce in ƙara da cewa itacen Illa ba shi da laifi tun asali. Na ce wannan sai dai a kai ni gaban alƙali. Ya koma ya zauna ya ci gaba da sakace. Na dubi gabas, na ga hadari. Na faɗa.

Ya kai ni bayan rumfa, wurin tarin da yake ware wa masu gashin nama. Dogonyaro ne daga kwarin Majiya, irin wanda iska ta tanƙwara tun yana ƙarami ya girma a haka. Itacen da ya girma da doro, doron nan ƙarfinsa ne, ba gajiya ba ce. Munka yi ta aza waya bisa gungume bayan gungume, wannan ya cika lanƙwasa, wannan bai kai ba, Illa yana yi wa kowane kirari. Na zaɓi waɗanda sunka bi waya, anka ɗora a amalanke.

Na feƙe su da gizago, wannan karon da baki, na shafe kawuna da baƙin mai, munka zura su doro ƙasa, kowace ta kwanta jikin tsohuwarta kamar tare anka haife su. Mai ƙaho ta sami goyo dama da hagu, ƙahonta ban ko shafa ba. Na zare gwafanni ɗai-ɗai ina kasa kunne. Shiru. Na hau bisa na yi tsalle tsakiyar ɗaki, na sa magini ma ya yi, shi da ya fi ni tumbi. Ko gezau. Mata sunka sake daɓe, suna bugu suna waƙa, kuma sunana ya fito cikin waƙar ba ta hanyar yabo ba.

Ranar gwaji iska tana kaɗawa da ƙanshin ruwa, bulo jibge a ƙofar gida. Inna Hajo ta hau, ta taka daga ƙofa, ƙafarta ta sami gangare, ta bi shi har tsakiya ta zauna bisa buzu. Ta ce: "Rabi, sako albasa."

Rabi ta sako. Albasa ta taho, ta yi kamar za ta je, sai ta kauce ta wuce ta bayan tsohuwa ta tsaya. Alhaji ya yi gyaran murya. Magini ya fara naɗe hannun riga.

Na ce a dakata. Na sauka a guje, na sami guntun da na cusa ya yi yawa a gefen yamma, na buga shi baya kaɗan da ƙeyar gizago, bene ya ce ƙis. Na yi kira daga ƙasa a sake. Na ji gangarar albasa bisa kaina, gurrr, ta tsaya. Sannan na ji muryar tsohuwa: "Sako goro." Gurrr. "Sako mazari." Da na hawo na iske su duka uku a cinyarta, tana ɓare goron. Ta ce wa ɗanta ya kai bulonsa ya gina wa awaki.

Nan fa kaina ya kumbura. Na gyara hula, na tsaya inda kowa zai ji, na ce: "Inna, ki hwaɗi gaskiya gaban mutane. Duk Adar, daga Keita har Madawa, akwai wanda za shi iya yin aiki karkatacce haka in ba ni ba?"

Ta tauna goro, ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Babu, ɗan nan. Don haka na ce a kira ka. Na tambayi gari duka wane kahinta na bai taɓa miƙe komi ba tun da ya fara, kowa ya ce Arzika. Rana ɗaya tak anka buƙaci halinka, ranar ka tashi shiryuwa."